Tafiyar Iya a Cikin Masaki

Jikokina sun ɗauka ban san abin da suke kallo a waya ba. In na leƙa sai su karkatar da ita, wai kada haske ya dami idon tsoho, su ci gaba da ƙyalƙyala dariya a kan zanen wata akuya mai magana. Nakan yi shiru ne kawai, don na san halina, in na buɗe baki faɗa zan yi. Tun ba a haifi uwayensu ba nake sa zane yana motsi, da wuƙa da garwashi da tsohuwar ƙafar keke, babu caji babu kati. Amma wa zai yarda, tun da ba ni da abin nunawa? Wanda ya kamata in nuna ɗin an taka shi a gabana da hantsi, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ƙauyenmu yana bakin fadama ne tsakanin Mafara da Bakura, tun gulbi yana da ikon kansa. Da damina ya cika ya malalo, in ya gaji ya janye ya bar mana baƙar laka da tarwaɗa a tabkuna. Da safe ƙarar taɓarya ke tashin mutum, da yamma kukan kwaɗi ke raka shi gida. Ni dai ban zama manomin a zo a gani ba, wannan kowa ya sani. Babana yakan ce ciki da kunne ne suka kashe ni, kuma ban taɓa yi masa musu ba. In Tumba mai hoce, wainar dawar nan ta ƙasarmu, ta sauke tukunya a gindin tsamiya, ko ina can ƙarshen gona hancina zai gaya mini. Ta marmasa maka shi da zafinsa, ta zuba ƙuli da yaji da albasa, ta ɗiga man gyaɗa, ka tsuguna nan a ƙasa ka cinye ka lashe yatsu. Ga dafaffen rogo, ga dankalin da muke binnewa a toka, ga kifin da ake soyawa yana fitowa daga ruwa. Yanzu sai yaro ya miƙo mini wani abu a leda mai ƙyalli, in tauna in ji kamar takarda nake ci, ya kuma tsaya yana jiran in yi masa godiya.

Kunnen kuwa Jatau ne ya lalata mini shi. Tare muka tashi da shi, gidansu ba gidan kiɗa ba ne, son abin kawai ya kama shi ya haɗa gurminsa da kansa. Ba ya roƙo, ba ya zuwa biki, ba ya yabon kowa. In la'asar ta yi sai ya jingina da tsamiya ya yi ta kaɗa abin da ya ji a ranar: yadda guga ke bugun bangon rijiya, yadda jakin gidan liman ke ɗingishi, yadda mata biyu ke karɓa-karɓa a turmi ɗaya. Ni kuma in zauna kusa da shi ina zanen ƙwarya, sana'ar da na koya a hannun kakata ban taɓa mayar da ita sana'a ba.

Ana nan sai maganar dam ɗin Bakolori ta zo. Kafin mu ga ko mota ɗaya, sai da aka fara kawo mana majigi. Wata Talata bayan an tashi kasuwar Mafara aka kafa farin ƙyalle, aka yi magariba, aka kunna. Ba mutane aka nuna ba, zane ne. Wani ɗan manomi da aka zana da malafa yana tsaye a busasshiyar gona yana share gumi, sai ruwa ya taho masa a miƙe cikin lambatu, alkama ta miƙe tsaye, shi kuma ya hau sabon keke yana ɗaga mana hannu. Yara suka yi ta tafi, dattawa suka yi ta gyaran murya. Ni ko alkamar ban gani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi zane ya ɗaga ƙafa. Na bi mai majigin har gindin motarsa na dame shi da tambaya, har ya gaji ya yanko mini wani guntun fim da ya lalace, ya ce in duba a rana. Ya ce zanen ba ya motsi, da yawa ne a jere, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa, kuma sai an riƙa rufe wa ido ana buɗe masa da sauri kafin ya ruɗu. Har yau wannan yana ci mini rai. Da abin da na fi so a duniya aka shigo mana da abin da ya cinye mu.

Na ɓata ƙoren kakata Iya ba adadi kafin abin ya yiwu. A ƙarshe ga yadda na yi: na kwantar da tsohuwar ƙafar keke a kan turke, na ɗaura ƙwarya a tsakiyarta baki sama, na tsattsaga 'yan siraran ƙofofi a kewayen bakin, a farin cikinta kuma na ƙona zane da wuƙa mai zafi, ɗaya bayan ɗaya har suka zagayo. In ka juya ƙafar keken ka tsuguna ka leƙa ta ƙofofin, sai ka ga abin ya tashi. Na farko mace ce mai daka. Ranar da taɓaryarta ta hau ta sauka, Jatau ya ajiye hocen da ke hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauki gurmi ya bi ta da kiɗa daidai saukar taɓaryar. Daga ranar gindin tsamiya ya zama wurin kallo. Na yi mai jan guga, na yi zakara mai tsalle, na yi jakin liman. Liman da kansa ya zo ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce shi ba zai ce komai ba muddin ban sa wa mutum ido da baki ba. Na riƙe wannan. Duk mutanena baƙaƙe ne kamar inuwa, da motsi kaɗai ake gane kowa.

To, a ƙauyen nan babu wanda motsinsa ya kai na Iya, kakata ta wajen uba. Daga wajen Damaga aka kawo ta tana yarinya, kuma har ta tsufa in ta taso daga gulbi da tulu a ka, daga nesa ake cewa ga ta nan. Ba ta riƙe tulu. Hannun dama yana lilo, na hagu ta dafe ƙugu, ta jefa ƙafa gaba kamar tana auna ƙasar, sai ta ɗan tsaya a kan yatsu kafin ta ɗauke ta baya. Mata sun sha gwadawa don tsokana, ba wadda ta iya. Amma a lokacin da nake ba da labari ƙafafun sun riga sun mutu. Ciwo ya kwantar da ita damina biyu da suka wuce, ko bayan gida sai an ɗauke ta. Da la'asar nakan goyo ta in kawo ta gindin tsamiya in shimfiɗa mata tabarma, ta leƙa ƙwarya ta yi ta zagina cikin wasa, don tsakanina da ita ba a magana sai da tsokana. Ita ta ce mini mijinta, ni in ce mata tsohuwar amarya.

Ran nan ta gama kallon jakin liman, ta yi dariya har da tari, sai ta kama hannuna.

"Kai mijin banza," ta ce. "Jaki ka ba ƙafa, ni matarka ka bar ni zaune?"

Na ce, "Tsohuwar amarya, mi kika so?"

"In gan ni ina tahowa daga gulbi. Sau guda. Na mance yadda nika yi."

Ba ta yi dariya a wannan ba, ni ma ban yi ba. Jatau ya sunkuyar da kai yana murɗa tsirkiyar gurmi. Na ce mata ta ɗauka an gama.

Da na zauna yi ne na gane girman abin da na ɗauka. Daka sama da ƙasa ce kawai, zane kaɗan ya ishe ta. Tafiyar Iya kuwa akwai lilon hannu, akwai jefa ƙafa, akwai wannan 'yar tsayawar a kan yatsu, kuma in ka tsallake ɗaya ba ita ba ce. Na gwada da gawayi a bangon ɗakina har bangon ya cika, na ga babu ƙwaryar da za ta ɗauke su sai masaki, babbar ƙwaryar nan da mutum biyu ke kamawa. Na zagaya kasuwar Mafara da ta Bakura, waɗanda na samu ko dai a karkace suke ko an ɗinke su, kuma karkatacciyar ƙwarya in ta juya rawa take yi. Iya ta ce in bar wahalar da kaina. Ta sa aka ciro mata wani ƙullin tsumma daga ƙasan tukunya, irin duman da ta zo da shi daga gidansu ne, wanda take sabuntawa duk shekara har ta kwanta. Ta koya mini yadda uwarta ke yi. A shuka a wuri mai laka a kusurwar fadama. In ya yi 'ya'ya a zaɓi ɗaya a tsinke sauran duka, don ƙarfin ya tafi wuri guda. A naɗa gammo a ɗora shi a kai yadda ba zai taɓa ƙasa ba, a riƙa juya shi a hankali don rana ta same shi ko'ina. Sannan babbar doka: ba a yanke duma sai wuyan da ya haɗa shi da yaɗo ya bushe ƙayau. In ka yanke shi ɗanye, yana shan iska zai motse ya tsage.

Ban taɓa yi wa gero hidimar da na yi wa duman nan ba, babana ma ya faɗa, da haushi. Ya girma har sai da na daina iya rungume shi. Kowace yamma Iya sai ta tambaye ni lafiyarsa kamar jariri, ni kuma in gwada mata da hannu. Jatau har ya fara haɗa kiɗan da zai raka tafiyar, yana kaɗawa tana gyara masa, tana cewa ya cika sauri, ita ba gudun kare take yi ba.

A daidai wannan lokacin ne motocin kamfanin da ke aikin dam ɗin suka iso wajenmu. An ce za a baje gonaki duka a daidaita ƙasa a yanka hanyoyin ruwa, sannan a mayar wa kowa tasa. Ba su jira girbi ba. Tun daga nesa muke jin rurin katafila, kullum yana ƙara matsowa, dawa da kai a tsaye ana kwantar da ita. Ba zan yi ƙarya ba, har a lokacin kwaɗayina bai bar ni ba. Leburori sun zo da burodi da kifin gwangwani da rikoda mai kaset, na ci, na saurara, na ji daɗi. Amma kullum da safe sai na je na taɓa wuyan duman, in ji shi da sauran danshi.

Jatau ya ce, "Yanke shi mu ɗauka. Mutanen ga ba su da kunne."

Na kai wa Iya maganar. Ta ce, "Kak ka kuskura. Wanga duma kwana kaɗan ya rage mai. In ka yanke shi yanzu, kai da katafila duka ɗaya. Tafi ka roƙe su, ai mutane na."

Na tafi. Mai kula da leburorin ba Bature ba ne, kada wani ya ce baƙo ne bai san duma ba. Namu ne, da harshenmu a bakinsa, da hular ƙarfe a kansa. Na same shi a gindin tsamiyarmu, a kan kututturen da Jatau ke zama, yana cin hocen Tumba. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi yadda ake gai da manya. Ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, yaya rana, yaya iyali, yaya baƙunta. Ya amsa duka baki cike. Na ce ranka shi daɗe, alfarma nake nema, ba gonar duka ba, kusurwa ɗaya ce da ba ta fi shimfiɗar tabarma ba, a kewaye ta zuwa 'yan kwanaki. Na gaya masa komai, har ƙafafun Iya. Har ƙwaryar mai daka na juya masa, ya tsuguna ya leƙa, ya yi dariya sosai, ya kira direbansa ya zo ya gani. Na ce a raina an dace.

Ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce, "Wallahi kana da hikima. Amma duma ai ba amfanin gona ba ne. Masu dawa ma ba a jira su ba, balle abin wasan yara."

Na ce, "Ba wasa ba ne, ranka shi daɗe. Tsohuwa ce ke jira."

"To ta yi haƙuri. In ruwa ya zo ka shuka ɗari."

Sai ya ce wa Tumba ta ƙara masa ƙuli. Wannan ƙarin ƙulin ne ban yafe ba. Da ya daka mini tsawa, da ya kore ni, da tuni na manta da shi. Amma ya ci abincinmu, ya yi dariya da abin hannuna, ya fahimci maganata sarai, sannan ya ga ba ta kai ya ɗaga wa direba hannu ba.

Washegari da hantsi suka shigo gonarmu. Ina tsaye kusa da duman da wuƙa a hannu, wuyan nan ya fara yin ruwan ƙasa amma da na lanƙwasa shi bai karye ba. Jatau yana ta yi wa direban ihu yana nuna masa ya kauce, shi kuwa ko dai bai ji ba ko bai ga dalili ba. Sai da Jatau ya fizge ni gefe. Kowa yana zaton abu mai girma haka zai yi ƙara in ya fashe. Bai yi ba. Wani ɗan sauti ya yi, fus, kamar an taka ruɓaɓɓiyar gwanda, motar ko girgiza ba ta yi ba. Da ta wuce na ga farin cikinsa a shafe cikin laka, da gammon da na naɗa masa.

Ban iya gaya wa Iya ba, ita ma ba ta tambaya ba, don rurin motar har ɗakinta. Na ɗauki mafi girman ƙwaryar da ke gidan na matse tafiyar a ciki. Na cire lilon hannu, na rage jefa ƙafa, tsayawar kan yatsu kuwa babu inda zan sa ta. Na san abin bai yi ba, amma na ga jikinta yana ƙara saki, na ce ko rabi ne ta gani. Na goyo ta zuwa gindin tsamiya, a lokacin tsamiyar kaɗai ta rage a tsaye, ko'ina fili ne ja. Jatau ya fara kiɗan da suka gyara tare. Na juya ƙafar keke, na tallafo kanta ta leƙa.

Ta daɗe tana kallo. Matar da ke cikin ƙwaryar tana fizgar ƙafa tana tsalle-tsalle da tulu a ka, kiɗan Jatau yana tafiya a natse ita tana ɓarin jiki. Jatau ya lura, ya bar kiɗan a tsakiya.

Iya ta ɗago ta ce, "Wagga gurguwa ta. Ita na sani, da ita nika kwana." Ta dafa kafaɗata. "Ka yi ƙoƙari, mijina. Mai da ni ɗaki."

Ba ta sake cewa a fito da ita ba. Kafin a sako ruwan dam ɗin ta rasu.

Abin da ya biyo baya a ƙasarmu, yadda manoma suka yi bore da yadda aka murƙushe su, ba ni ne zan ba da labarinsa ba, akwai waɗanda suka rasa abin da ya fi duma, kuma ina jin nauyinsu. Shi ya sa na daɗe ban faɗi nawa ba. Wa zai tsaya a gaban wanda ya binne ɗansa ya ce shi ƙwarya aka fasa masa? Amma shirun bai rage mini komai ba. Da aka mayar mana da gonar an kankare baƙar lakar an tura ta wani wuri, na shuka sauran irin Iya ya fito 'yan ƙanana kamar na ludayi. Gulbi ya daina malalowa, tabkuna suka ƙafe, tarwaɗa ta zama abin saye. Tumba ta bi 'yarta garin Morai. Jatau ya rataye gurmi ya tafi Maradun yin dako, da muka haɗu bayan shekaru na tambaye shi kiɗan nan, ya ce ya manta, na kuma san ƙarya yake yi. Har yanzu akwai masu ce mini da na yanke shi a ranar da Jatau ya faɗa. Masu faɗin haka ba su taɓa riƙe ɗanyen duma ba. Tsohuwa ta faɗi gaskiya, ni na bi gaskiya, wanda ya ƙi ɗaga hannu shi ne ya yi laifi, kuma ba zan ɗauke masa ko kaɗan ba don a ce na yi dattako.

Kwanan baya babban jikana, wanda ke gyaran waya a Mafara, ya ji ina ba uwarsa wannan labari. Yaron kirki ne, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba Tsoho, ai yanzu abin ya yi sauƙi. Kawo hotonta kawai, akwai yadda ake yi a waya, sai ka ga tana tafiya."

Na dube shi, na rasa ta inda zan fara faɗan. Iya ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ko da ta tsaya, wayar ta san ta dafe ƙugu da hagu? Ta san tsayawar kan yatsu? Bangon da na zana da gawayi ya rushe tun tuni. Duk wanda ya taɓa ganin ta taso daga gulbi yana ƙarƙashin ƙasa, sai ni.

Na ce ya miƙo mini gawayi in nuna masa. Ya kawo, na kama, na kai hannu bango. Ashe tsufa ya riga ya cinye hannun, na kasa ja ko layi ɗaya.